Mai Hoton 'Yan Zamiya a Tsaunukan Chamonix

A kwarin Chamonix da ke gabashin Faransa, inda iyakarta ta haɗu da ta Italiya da Suwizalan, akwai mutanen da abincinsu ke saukowa tare da dusar ƙanƙara. Idan ta kwana tana zuba, gari kuma ya waye sama garau, su ne na farko a layin motar igiya mai hawa dutse, allunan zamiya a kafaɗa, jaka mai nauyi a baya. Aikinsu ɗaukar hoton 'yan zamiya. Hotunan nan na bangon mujallu da allunan talla, inda mutum ke gangarowa daga ƙololuwar dutse farar ƙura na tashi a bayansa, daga hannunsu suke fitowa. Mai kallo yakan yaba wa wanda ke cikin hoton. Ba kasafai yake tambayar inda mai ɗaukar ya tsaya ba, balle yadda ya isa wurin da yadda ya sauko.

Ga wanda bai taɓa gani ba, zamiyar ƙanƙara ita ce mutum ya ɗaura wa kowace ƙafa allo dogo siriri, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga gangaren dutse yana karkata dama da hagu don ya rage gudu. Yawancin masu yi suna bin hanyoyin da aka share aka daddaɓe musu da inji. Amma hoton da ake saye da tsada a bayan waɗannan hanyoyi ake samunsa, inda babu shinge, babu mai gadi, kuma ba wanda ya taka tun da ƙanƙarar ta zuba. Duk wanda zai ɗauki hoto a can, dole ƙafarsa ta kai shi ta kuma dawo da shi. Shi ya sa a wannan sana'a sanin dutse ke gaba, sanin kyamara na biye.

Gadon gidan Tairraz

Chamonix gari ne da mazaunansa na dindindin ba su kai dubu goma ba. Yana kwance a tsayin mita 1,035 daga doron teku, a gindin Mont Blanc, dutsen da ya fi kowanne tsayi a jerin tsaunukan Alps, wanda ya ɗan haura mita 4,800. Tun 1786, da Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard suka fara taka ƙololuwarsa, baƙi ke tururuwa zuwa kwarin. A 1821 aka kafa ƙungiyar jagororin dutse ta garin, wadda har yau tana aiki. Zamiya daga baya ta zo. Wani likitan kwarin, Michel Payot, na cikin waɗanda suka fara ɗaura allunan a ƙarshen ƙarni na 19, don ya riƙa isa ga marasa lafiya idan ƙanƙara ta toshe hanya. Ba a cika shekara talatin ba garin ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko, a 1924.

Kyamara ta riga allon zamiya hawa waɗannan duwatsu. A 1861 wani mai hoto daga Paris, Auguste-Rosalie Bisson, ya kai ƙololuwar Mont Blanc da 'yan dako 25 ɗauke da kayansa. Aikin ne ya buƙaci hakan. A lokacin a kan faifan gilashi ake ɗaukar hoto, kuma sai an shafe gilashin da sinadari, a ɗauka, a wanke, duk kafin ya bushe. Don haka ɗakin wankin hoton ma sai an hau da shi: tanti mai duhu, kwalaben sinadari, da abin narkar da ƙanƙara don a samu ruwa. Bayan wannan wahala duka, 'yan hotuna ƙalilan ya sauko da su.

Bisson baƙo ne, ya zo ya tafi. Waɗanda suka mayar da abin sana'ar gado 'yan gari ne, gidan Tairraz. Joseph Tairraz jagoran dutse ne kafin ya riƙe kyamara a ƙarshen shekarun 1850 ya buɗe shagon hoto a Chamonix. Ɗansa Georges ya gaje shi, jikansa Georges na biyu ya karɓa, sannan tattaɓa-kunnensa Pierre, wanda ya rasu a 2000. Kusan shekara 140 ke nan gida ɗaya na ɗaukar hoton dutse ɗaya. Georges na biyu ya yi shekaru yana aiki da shahararren jagora Gaston Rébuffat, kuma hoton da ya ɗauka na Rébuffat tsaye a kan wani tsinin dutse yana cikin waɗanda aka saka a faifan da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya a 1977, don ya nuna rayuwar ɗan Adam. Abin lura shi ne wanda ya kafa gidan da igiya da gatari ya fara, waɗanda suka biyo shi kuma duk mutanen dutse ne.

A 1955 aka buɗe motar igiya ta Aiguille du Midi, wani tsinin dutse mai tsayin mita 3,842. Cikin kimanin minti ashirin take ɗauke mutum daga cikin gari ta ajiye shi inda a da sai an yi yini ana hawa. Daga can ake gangarowa ta Vallée Blanche, tafiyar kusan kilomita 20 a kan daskararren kogin ƙanƙara. A 1967 wani ɗan Suwizalan, Sylvain Saudan, ya sauko da allunan zamiya ta wani lungun dutse da ake kira Spencer, wanda kafin nan mahaya masu igiya kawai ke bi. Wasu suka bi sahunsa, irin su Patrick Vallençant da Anselme Baud da Jean-Marc Boivin. Irin wannan bajinta ba ta da filin wasa, ba ta da 'yan kallo, in ba hoto ba shaida. Nan mai kyamara ya zama abokin tafiya na dole. Mujallar Powder da aka kafa a Amurka a 1972 a kan irin waɗannan hotuna ta yi suna, kuma fim ɗin da Greg Stump ya fitar a 1988, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Chamonix, ya sa samari da yawa suka tattara komatsansu suka nufo kwarin.

Yadda ake haɗa hoto ɗaya

Aikin tun da daddare yake farawa, kafin ranar fita. Mai hoto yakan zauna da taswira da hasashen yanayi da rahoton haɗarin zaftarewar ƙanƙara da hukumar yanayi ta Faransa ke fitarwa kullum a lokacin sanyi, yana lissafi: yaya yawan abin da ya zuba, daga ina iska ta kaɗa, wace fuskar dutse rana za ta taɓa, da ƙarfe nawa. Fuskar da ke kallon arewa ita ke riƙe dusa mai laushi, amma a tsakiyar sanyi rana ba ta leƙa ta sai kaɗan. Wadda ke kallon kudu tana da haske, sai dai kafin azahar dusarta ta yi nauyi ta fara narkewa. Abin da yake nema shi ne ɗan lokacin da haske da laushi suka haɗu a wuri ɗaya, kuma ba ya daɗewa.

Inda motar igiya ta tsaya, ƙafa ke ɗauka. Ana manna wa ƙasan allunan wani ƙyalle mai gashi, wanda ke barin allo ya ja gaba amma ya hana shi zamewa baya, a yi ta hawa awa biyu ko uku. Mai hoto yana ɗauke da duk abin da ɗan zamiya ya ɗauka, ga ƙarin kyamara da gilasanta biyu ko uku da batura, a tsayin da iska ta yi ƙaranci, bayan 'yan taku sai an tsaya an ja numfashi. Da wannan nauyin zai sauko ta gangaren da gwani ya zaɓa, kuma sau da yawa shi zai fara sauka.

Sabuwar dusa busasshiya, idan ta kwana cikin tsananin sanyi, takan yi laushi kamar garin alkama da aka tankaɗe, kuma ita ce ke tashi sama idan allo ya yanke ta. Sai dai sau ɗaya ake taka ta. Da zarar sawu ya shiga, wurin ya ɓaci sai wata zubar. Don haka mai hoto yakan raɓa ta gefe ya sauka, ya nemi wurin tsayuwar da sawunsa ba zai fito a hoton ba, wanda kuma in gangaren ya tsinke ba zai biyo ta kansa ba. Daga nan ya dunƙula ƙanƙara ya jefa. Inda ta faɗi, nan ake son ɗan zamiya ya karya kwana. Sai magana ta oba-oba: ka bar dutsen nan a hagunka, ka juya da ka fita daga inuwa, kada ka tsaya sai ka wuce bishiyar. A ƙirga uku, a sako. Abin da aka ɓata safiya ana shiryawa, cikin daƙiƙa biyu yake wucewa.

Kyamara ba ta son farin wuri. An tsara ma'aunin haskenta ne bisa zaton cewa abin da ke gabanta tsaka-tsaki ne tsakanin fari da baƙi, don haka in aka bar ta da kanta sai ta mayar da ƙanƙara ruwan toka. Dole mai hoto ya ƙara mata haske da hannunsa, amma ba har farin ya ƙone ya shafe 'yan tudu da kwarin da ke nuna laushin dusar ba. Ƙiftawar kyamara kuma sai ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ko ta fi haka sauri, kafin ta tsayar da mutum mai gudu da ƙwayoyin ƙanƙarar da ke watse a iska. Gwanaye sun fi son rana ta kasance a bayan ɗan zamiya ko a gefensa, domin hasken da ya ratsa ƙurar ƙanƙara shi ke sa ta ƙyalli. Ranar da gajimare ya rufe sama inuwa takan ɓace, ba a bambance tudu da rami, sai a koma cikin itatuwa ko a haƙura.

Akwai kuma yaudarar ido. Gangaren da ke sa gwiwa rawa, in aka ɗauke shi daga ƙasa ko daga sama kai tsaye, a hoto shimfiɗaɗɗe yake fitowa. Wanda ke son tsayin ya nuna sai ya tsaya a gefe, ko ya haye wani dutsen da ke fuskantar wurin ya jawo da dogon gilashi, wato ƙarin hawa na awa guda saboda hoto ɗaya. Daga can ake samun hoton da na fi ganin darajarsa: mutum ɗan mitsitsi a ƙirjin dutse, da siririn sawunsa a baya. Wannan hoton yana faɗin gaskiya a kan wane ne babba tsakanin su biyun.

Sanyi ma ba ya barin mutum ya sake. Batir yakan mutu da wuri, shi ya sa ake ɓoye na ajiya a aljihun ciki, kusa da jiki. Numfashi ɗaya a kan gilashi ya isa ya daskare ya rufe gani. Yatsa ba ya iya danna maɓalli cikin safar hannu mai kauri, ba ya kuma daɗewa a waje bai sandare ba. In an dawo gida ba a shiga ɗaki mai ɗumi da kyamara a buɗe, sai an ƙulle ta a leda har sanyinta ya sake ta, in ba haka ba raɓa ta taru a cikinta. Sabuwar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, wanda kan makantar da ido na kwana ɗaya ko biyu, ga shi mai hoto dole ya riƙa ɗaga tabarau don ya leƙa. A zamanin fim abin ya fi haka tsanani. Hoto 36 ne a naɗi guda, canza shi sai da yatsu a waje, kuma mutum ba zai san ko ya samu ko ya rasa ba sai bayan kwanaki, in an wanko.

Amana

Babban abin tsoro a wannan aiki zaftarewar ƙanƙara ce. Dusa tana taruwa ne hawa-hawa, kowace zuba da tata shimfiɗa. In shimfiɗa mai ƙarfi ta hau kan mai rauni, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinke ta, fuskar dutse gaba ɗaya ta taho. Mafi yawan irin wannan a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45 yake faruwa, wato daidai inda zamiya ta fi daɗi, hoto kuma ya fi kyau. Ranar farko ta haske bayan guguwa, wadda mai hoto ya yi mako yana jira, tana cikin ranakun da ƙanƙarar ba ta gama zama ba. Tun 1993 ƙasashen Turai ke amfani da ma'aunin haɗari ɗaya mai mataki biyar, kuma an fi mutuwa a mataki na uku, domin a na huɗu da na biyar mutane kan zauna a gida, a na uku kuwa sukan ce da sauƙi. A galibin haɗurran da ake rasa rai, wanda abin ya rutsa da shi ko wani cikin abokan tafiyarsa ne ya tayar da ita.

Shi ya sa ba mai fita ba tare da abu uku ba: na'urar da ake ratayawa a ƙirji mai aika sigina in ƙanƙara ta binne mutum, doguwar sanda mai naɗewa da ake sokawa a lalubo shi, da shebur. Alƙaluman da aka tara a Suwizalan sun nuna cewa cikin waɗanda aka tono a minti 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. In aka kai minti 35, saura kusan ɗaya cikin uku. Chamonix na da rundunar jandarmomin ceto ta musamman tun 1958, tana aiki da jirage masu saukar ungulu, amma ko su ba kasafai suke isa cikin wannan ɗan lokaci ba. Wanda zai tono ka shi ne wanda kuka fito tare. Sau da yawa kuwa wannan mutumin mai hoto ne, domin shi ke tsaye a gefe, idonsa a kanka.

Akwai wani haɗarin da rahoton yanayi ba ya faɗa. Masu sana'ar sun daɗe da sanin cewa kyamara tana ba mutum ƙarfin halin da ba nasa ba. Saurayin da zai ja da baya in shi kaɗai ne, in ya ga an saita masa gilashi, ga kamfanin da ke ba shi kaya yana jiran hoto, sai ya ce bari ya gwada. A nan ake gane gwani na gaskiya. Shi ne wanda zai dubi gangaren da ya yi awa uku yana hawowa dominsa, ga haske ya yi daidai, ya ji ƙanƙara ta yi ɗan gurnani a ƙarƙashin allonsa, ya mayar da kyamara jaka ya ce a koma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ya ce wa abokinsa ya ƙara ɗaya, abokin zai yi ne saboda ya yarda da shi, kuma wannan yarda ba abin wasa ba ce.

Ƙwarewa ma ba ta ba da tabbaci. A ƙarshen Satumban 2014, Andreas Fransson ɗan Suwidin, wanda ya zauna a Chamonix kuma yana cikin gwanayen zamaninsa, da JP Auclair ɗan Kanada, sun rasu a zaftarewar ƙanƙara a dutsen San Lorenzo da ke iyakar Chili da Ajantina. Aikin fim ne ya kai su, kuma masu kyamara biyu na cikin tafiyar. Da wuya a samu wanda ya daɗe a wannan sana'a da ba shi da hotunan abokan da suka riga mu gidan gaskiya a ma'ajiyarsa.

Abin da ake ci

Wanda ya hango rayuwar nan daga nesa ya ɗauka hutu ce, kallon kitse yake yi wa rogo. Da yawa daga masu hoton da zamiya suka fara. Sun zo kwarin da niyyar yin sanyi ɗaya, suna wanke kwanuka a otal da dare ko gyaran alluna a shago don su samu yini a kan dutse. Haya a Chamonix tana da tsada, domin gidaje da yawa na masu zuwa hutu ne ko na haya ga baƙi, sai ka ga samari sun cunkushe a ɗaki biyu, wasu na kwana a mota, wasu sun koma garuruwan ƙasan kwari. Kakar aiki daga Disamba ce zuwa Afrilu ko Mayu, kuma ranakun da suka dace da hoto a cikinta ƙidayayyu ne. Wanda ya samu hali yakan bi sanyi inda ya koma: Japan a Janairu, Alaska a Afrilu, Chili da Ajantina a Agusta. Wanda bai samu ba ya koma hoton mahaya dutse da masu keke da bukukuwan aure har ƙanƙara ta dawo.

Manyan masu biya uku ne: mujallu, kamfanonin kayan zamiya irin su Rossignol da Salomon, da hukumomin yawon buɗe ido na garuruwan dutse. Mujalla ba ta biya da yawa, amma ita ke yi wa mutum suna, sunan kuma ya jawo kwangilar kamfani. Yanzu wannan hanya ta ƙuntata. Mujallun takarda sun yi ta rufewa, Powder kanta ta dakatar da bugawa a 2020 bayan shekara 48. Kusan kowane ɗan zamiya na da 'yar kyamarar GoPro a hularsa da waya a aljihu, yana ɗaukar kansa ya saka a Instagram kafin ya cire takalmi. Jirage marasa matuƙi kuma suna kai ido inda a da sai an yi hayar jirgi mai saukar ungulu. Hoto ya yi yawa, farashinsa ya faɗi. Waɗanda suka ɗore a sana'ar sun haɗa ta da bidiyo ko da aikin jagora, wanda a Faransa sai an yi shekaru ana horo da jarrabawa a makarantar ƙasa ta zamiya da hawan dutse da ke nan Chamonix kafin a samu shaidarsa. Abin da kamfani ke saye a wurinsu shi ne abin da waya ba ta da shi: mutumin da ya san inda haske zai faɗi gobe da ƙarfe tara, wanda kuma zai dawo da kowa gida lafiya.

Ƙanƙarar da ake dogaro da ita ma tana ja da baya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 zafin tsaunukan Alps ya ƙaru da kusan digiri 2, wajen ninki biyu na matsakaicin duniya. Mer de Glace, kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa, inda Vallée Blanche ke ɓullewa, ya isa shaida. Lokacin da aka gama layin dogo na Montenvers, mai kai mutane bakin wannan kogi, a 1909, fasinja na sauka ne ya tarar da ƙanƙara kusa da shi. A ƙarshen shekarun 1980 aka sa 'yar motar igiya mai gangarawa wurinta, da matakala kaɗan a ƙarshe. Aka yi ta ƙara matakala har suka haura 500, kafin a 2024 a buɗe sabuwar mota a can gaba inda sauran ƙanƙarar take. Hotunan Bisson da na gidan Tairraz, yau ana ajiye su kusa da sababbi a auna abin da ya tafi. Mai hoton yau ma, ko ya nufa ko bai nufa ba, irin wannan ajiyar yake yi wa na baya.

A ganina wannan sana'a ta cancanci girmamawa saboda sharaɗin da take ɗora wa mai yinta. Tana tilasta masa ya zauna wuri ɗaya shekaru har ya san halinsa, ya koyi jira, ya fifita amanar wanda ke gaban kyamararsa a kan hoton da zai samu. Kayan aiki sun canza daga faifan gilashi zuwa waya, amma sharaɗin yana nan. Matashin da ke tara kuɗin kyamara mai tsada, ko wane irin hoto yake son yi, ya sani kuɗi za su saya masa gilashi mai kyau, amma sanin wuri da yardar mutane sai ya biya su da shekaru. Ya fara da su, kuma duk ranar da hoto ya nemi ran wani, ya bar hoton.